Takalmi Mai Ƙasan Taya

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan Azahar

Yau na yi wa ɗana kyauta, kuma tun daga lokacin bai sake yi mini magana ba.

Bari in rubuta yadda abin ya faru kafin uwarsa Luba ta sake masa fasali. Nazeer ya zo daga Jos, inda suke atisayen gudu, zai ɗan huta a gida ya wuce Abuja. Tsere ne mai dogon zango, kuma ukun farko za a kai su Kenya su yi shekara a sansanin horo. Ya zo da wani takalmi a jakar yadi, yana lallaɓa shi kamar jariri. Kocinsu ne ya ba shi aro. Wai shi kaɗai ƙungiyar take da shi, wanda ya fi kowa gudu shi yake sawa ranar tsere.

Shekaranjiya da ya fita na sauko da jakar na duba. Wallahi burodi ne. Ka danna da yatsa ya lotsa. Dunduniyar ta fara zaizayewa, saman kuwa gidan sauro ya fi shi kauri. Na ce a raina, a haka za a tura ɗan mutane kan kwaltar Abuja?

Ni Ɗayyabu marini ne. Tun ban yi gemu ba hannuna yake cikin rijiyar baba a Ƙofar Mata, kuma a wurinmu kaya mai kyau shi ne wanda jika zai gada. Sai na zuba silifas ɗina a jakar don kada ta yi fayau, na kai takalmin wurin Ashafa mai gyara a bakin Ƙofar Na'isa. Ashafa ya juya shi, ya ce an cuci yaro. Ya yanko tayar mota, ba ma ta babur ba, ya manna da gam, ya bi gefe da ɗinki. Ya ce akwai wani abu mai tauri a tsakiya da ya so ya karya masa basilla, amma ya huda shi. Ƙusoshin dunduniya kuwa shawarata ce.

Da safen nan na ajiye masa shi kusa da kofin koko. Na ce, “Shekara goma za ka yi kana gudu da wannan.”

Ya ɗaga ya ji nauyinsa. Ya lanƙwasa, wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa har na gyara zama ina jiran godiya. Ya ajiye shi a hankali, ya ɗauki tsohon takalminsa na atisaye, ya durƙusa ya yi wa uwarsa sallama, ya tsallake ni kamar kwata.

Kokon ni na shanye. Ba kyau a ɓata abinci.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Na kira wayarsa. Tana shiga, ba a ɗauka. Netwok ɗin Abuja sai a hankali.

Na sayi zakara, ƙato, na ɗaure shi a gindin rariya. Na faɗa wa mutanen karofi kowa ya zo da cikinsa gobe. Na kuma tuna musu inda yaron ya samo ƙafa. A aji huɗu na firamare ni na zo na ɗaya a tseren makaranta, ba ko takalmi, aka ba ni bokiti da sabulu. Shekarar da ta biyo baya aka cire ni aka kawo ni karofi. Bokitin ya fi karatuna daɗewa.

Asabar, 4 ga Mayu, da hantsi

Mun taru a kan wayar wani mai guga da take nuna tseren. An ce ga shi can a gaba. Na gan shi, ko kuma na ga rigarsa.

Asabar, bayan La'asar

Babu abin rubutawa.

Lahadi, 5 ga Mayu, da safe

Zakara yana nan da ransa. Shi kaɗai ya ci ribar wannan sha'ani, kuma ya sani, don tun kiran sallar farko yake shela.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan Magariba

Ya dawo. A kan dunduniya yake tafiya kamar mai tsallake garwashi. Luba ta dafa ruwa da gishiri, ta zauna a ƙasa tana gasa masa ƙafa. Na leƙa daga bakin ƙofa. Farcen manyan yatsun sun yi shuɗi fiye da hannuna.

Na yi gyaran murya na ce to, haka Allah ya so, kowa da rabonsa. Sai da Luba ta matse tsumman ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Malam, Allah bai aike ka wurin Ashafa ba.”

Ina da amsa. Ban dai ga dacewar faɗinta a gaban yaro ba.

Laraba, 8 ga Mayu, da rana

A karofi yanzu in na doso sai hira ta koma kan tsadar toka. Ɗaya daga cikin masu bugu ne kawai bai da wannan tarbiyyar. Ya miƙo mini waya ya ce in ga ɗana a talabijin. Wata farar bas ce da take bin bayan masu tsere tana kwashe waɗanda suka tsaya. Ga kansa a jikin gilashi, ido a rufe.

Na ce ai ba kowa ake ɗauka a mota mai sanyi kyauta ba. Aka yi dariya. Ni ma na yi. Daga nan na tsoma farar shaddar wani Alhaji a rijiyar da ba ita ya ce ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan Isha'i

Yana gaishe ni. Kada a ce ba ya gaishe ni. “Ina kwana, Baba.” “Sannu da dawowa, Baba.” Irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta. Daga nan sai ya shige ɗaki ya kunna bidiyon tseren. Ina jin muryar mai sharhi ta bango, a wuri ɗaya, ana mayar da ita baya, ana sake mayarwa.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Koci Abdulhakeem ya kira ni daga Jos. Na miƙe tsaye na amsa, ban san dalili ba.

Mutum ne mai ladabi, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Ya ce abin da Ashafa ya huda wani faranti ne siriri da yake cilla ƙafa gaba, kuma laushin da na gani shi ne amfanin takalmin. Ya ce ba a yi shi don ya daɗe ba, tsere kaɗan yake yi ya mutu. Na ce wato da gangan ake yin abu don ya lalace? Ya ce e, Baba. Na ce a karofi wanda ya yi haka korarsa ake yi. Bai yi dariya ba.

Ya ce akwai yara a ƙungiyar da suke jiran layinsu ya zo su sa shi. Na ce zan aiko da shi. Ya ce in riƙe kawai.

Dalilin kiran nasa daban ne. Nazeer ba ya ɗaukar wayarsa. Ya ce zai riƙe masa gadonsa a masaukin ƙungiya zuwa ƙarshen wata, in bai dawo ba akwai mai jira. Ya ce a shekarun da ya yi yana wannan aiki bai ga ƙafa irin ta yaron nan ba, kuma irin wannan ƙafar in ta zauna ba ta cika tashi ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zakara ya saci hanya ya shiga ɗakina, ya yi kashi a kan hulata.

Talata, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Yayan Luba, Alhaji Bashir, ya zo da makullin adaidaita sahu. Ya zauna a zaure ya yi mana lacca. Ya ce dama shi tun farko bai ga hikimar ƙato ya riƙa gudu ba wanda ya biyo shi ba. Ya ce ga sana'a, ga rufin asiri. Ya dube ni ya tambaya ko har yanzu ina karɓar gyaran takalma, yana da sau-ciki da ya buɗe baki.

Nazeer ya sa hannu biyu ya karɓi makullin.

Alhamis, 16 ga Mayu, da rana

Na gan shi a mahaɗar Mandawari, ya tsaya yana jiran wata mata ta gama loda buhunan gawayi. Na laɓe a bayan teburin mai lemo har ya wuce. Ƙafar da ake yi mini waya daga Jos a kanta, ga ta nan tana taka birki.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Na tsaya wurin limamin unguwarmu. Na kawo masa maganar a matsayin ta wani abokina. Na ce mutum ne ya yi abu da kyakkyawar niyya, abin ya zo da akasi, shin akwai wani abu a kansa? Liman ya ce ladan niyyarsa yana nan. Har na fara jin iska. Sai ya ce amma abokin nawa ya tambayi mai kayan kafin ya taɓa? Na ce uba ne fa. Ya ce to uban ya tambaya?

Da zan tashi ya ce in gaishe da Ashafa. Garin nan ba shi da murfi.

Lahadi, 19 ga Mayu, da safe

Nazeer ɗan fari ne, don haka tunda aka raɗa masa suna Luba ba ta taɓa kama sunan ba. “Yaron nan” take cewa, ko “wancan”. Ko zazzaɓi yake yi ba ta nuna damuwa a gaban mutane, kunya ba ta bari. Haka uwarta ta yi, haka tawa.

Yau ina karyawa ta tsaya a kaina ta ce, “Nazeer ba ya cin abinci. Nazeer ba ya barci. Nazeer na ce, Malam, ka ji na faɗa. Ka san yadda ka yi ka ɓata, ka san yadda za ka yi.”

Ta koma madafa. Na nemi abin wasa in faɗa, aljihuna babu ko ɗaya.

Litinin, 20 ga Mayu, da hantsi

Zan rubuta wannan don in na mutu a san ba aljanu ba ne.

Takalmin yana ƙarƙashin gadona tun ranar. Na ce bari in gwada shi da kaina, in tabbatar wa duniya cewa ba abin da ya same shi. Ya ɗan yi mini yawa, na cusa tsumma. Bayan sallar Asuba na cusa bakin wandona a safa, na fita ta Ƙofar Na'isa, na bi titin da yake gefen badala.

Kamar an ɗaura mini turmi a kowace ƙafa. Ƙarar da yake yi a kwalta, faf, faf, har wani kare ya biyo ni don ya ga ƙarshen abin. Ban kai gidan mai ba ƙirjina ya kama da wuta. Ɗaya daga cikin ƙusoshina, shawarata, ta leƙo ta ciki ta gaisa da dunduniyata. Na zauna a bakin kwalbati. Mai shayi ya aiko mini da ruwa, ya tambaya ko ɓarayi ne.

Na dawo da ɗingishi. Na ce wa Luba basir ne.

Talata, 21 ga Mayu

Na sa Ashafa ya danne ƙusar. Ya ce aikinsa ba ya dawowa, ƙafata ce ba daidai ba. Na sake fita.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan Azahar

Kullum ina fita. Ban san me nake nema ba. Da farko so nake in wanke kaina, amma wannan maganar ta mutu tun ranar Litinin. Yanzu wasu tambayoyi ne suke damuna. Me ya sa gwiwar hagu take ciwo, ta dama ba ta yi? Me ya sa in na fara a hankali nake wuce gidan mai, in na fara da zafi ba na kaiwa? Me mutum yake tunawa in ya yi awa yana wannan abu? Shekara nawa yaron nan yana fita da asuba, ban taɓa tambayarsa ba. Ni dai in ya ci in ce gadona ne.

Masu shayi sun sa mini suna Kenya. Yara 'yan makaranta suna tafa mini.

Yau na ji ƙarar adaidaita a bayana, tana tafe a hankali, ba ta wuce ba. Ban waiwaya ba. Ta raka ni har gidan mai, sannan ta juya.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Adaidaitar ta sake biyo ni. Da na tsaya ina haki, hannu a gwiwa, ta matso. Nazeer ne. Bai kashe injin ba, bai kuma dube ni ba.

“Da dunduniya kake sauka, Baba. Shi ya sa gwiwar.”

Ya ja ya tafi. Tun ranar koko, wannan ce magana ta farko da ya yi mini wadda ba gaisuwa ba. Na tsaya a bakin titi ina murna an ce ban iya gudu ba.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan Magariba

Ya same ni a zaure ina shafa man zafi. Ya zauna, ba kusa ba, ya kunna bidiyon nan da na haddace ta bango. Ya nuna mini wurin da yake ta mayarwa. Ba wurin bas ba ne, farkon tseren ne. Ga shi ya fice daga cikin mutane kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce koci ya gargaɗe shi ya zauna a bayan na gaba har a ci rabi, kuma ya san haka tun kafin koci ya faɗa. Ya ce ya kalli wurin ya fi a ƙirga yana neman abin da ya shiga kansa.

Na ce takalmi ne. Na faɗa da bakina, a rubuta.

Ya ce, “Ba shi kaɗai ba. Ni ba tseren nake yi ba a nan. Daga gidan nan nake gudu.”

Na ce to da ya bi a hankali da tsohon takalmin, da ya shiga ukun? Ya ce wataƙila na biyar, wataƙila na uku. Ya ce da takalmin koci ma wataƙila haka. Abin da yake hana shi barci ke nan, ba zai taɓa sani ba.

Ya ce kafin tseren addu'arsa ɗaya ce, Allah ya ba shi na uku ko sama. Da ya dawo ya kasa roƙon komai, sai dai ya yi sallah ya tashi. A 'yan kwanakin nan ne ya samu abin roƙo, wai Allah ya sa ya iya zama da ni a zaure ɗaya.

Na ce to ga shi an amsa. Ya ce an fara dai.

“Na yafe, Baba, don an ce a yafe. Amma ban huce ba.”

Ban san ana raba su biyu ba. A aji huɗu ba mu kai nan ba.

Laraba, 29 ga Mayu

An nuna ukun da za su tafi Kenya a filin jirgi da riguna iri ɗaya. Na ukun yaron da Nazeer ya saba bari a baya ne. Ba wanda ya kunna rediyo a gidan nan yau.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Ya mayar wa kawunsa makulli. Alhaji Bashir ya kira Luba ya ce haukan ashe na gado ne, an ga tsohon ma yana yi.

Nazeer ya kira koci. Gadon yana nan. Amma tseren da za a sake zaɓe sai baɗi, in masu ɗaukar nauyin ba su janye ba, kuma zai koma cikin yaran da na cinye musu layi, ya kwana ɗaki ɗaya da su. Farcen ɗaya ya fita, ɗayan yana lilo. Ba wanda ya yi masa alkawarin komai.

Luba ta ce in yanka zakara a yi masa guzuri. Na yanka. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Juma'a, 31 ga Mayu, da hantsi

Ya tafi. An soya masa naman an ƙulle a leda. Ni ƙafafun aka zubo mini a kwano, kuma ban yarda cewa ba da gayya ba ne.

Na raka shi bakin titi, na riƙe masa jaka, bai hana ba. Muna jiran mota na ce ya faɗa mini abin da zan yi, ko rijiyata ce in sayar a nemo wani takalmin. Ya ce ko na sayar ba ta kai ba, kuma ba rijiya yaran ƙungiyar suke nema ba. Ya dubi ƙafata. Na manta ban cire takalmin ba tun asuba.

“Ka ci gaba da fita. Ranar da tayar nan ta cinye, ka kira ni ka ce mun gama.”

Na ce ai tayar mota ce. Ya ce ya sani.

“Kai ka ce shekara goma, Baba.”

Bai yi murmushi ba. Na duba sosai.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan Asuba

An yi ruwan farko, titi duk taɓo. Na fita. Na sauka da gaban ƙafa yadda aka ce, gwiwar ta yi sauƙi, yanzu sharaɓa ce take kuka. Na wuce gidan mai da kaɗan.

Bai kira ba. Uwarsa ya kira, ya ce a gaishe ni.

Da na dawo na wanke takalmin a bakin rariya, na kifa shi a rana, na duba ƙasan da kyau. Ko zanen tayar bai fara gogewa ba. Ashafa, Allah ya saka mini, ya iya aiki.